Farar shamuwar da Alhaji ya gani a Bunkure

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Zariya, mota ɗaya cike da 'yan ƙungiyarmu ta masu kallon tsuntsaye. A watan Maris baƙin tsuntsayen da suka yi sanyi a Afirka ke komawa Turai, sukan kuma ya da zango a gonakin rani na Kura da Bunkure. Ni dai burina ɗaya ne, farar shamuwar nan mai jan baki da jajayen ƙafafu. Na yi shekaru ina farautarta da kyamara ban dace ba.

Maƙwabcina, wani Alhaji mai shagon taya, shi ma ya biyo mu. Ba ruwansa da tsuntsu, ya dai ji an ce tumatir ya yi araha. Tun daga Kumbotso yake tsokanata: "Malam, a ce mutum da iyalinsa ya ƙona fetur don ya kalli belbela?"

Mun karya da koko da ƙosai a Kura, injinan casar shinkafa sun fara ruri. Muka juyo baya zuwa Karfi, muka saki kwalta babba muka nufi Bunkure. An girbe alkama, amma fadamun shinkafa kore shar, kanal cike da ruwa. Mun ga tsattsewa ba iyaka, da zalɓe, da kirinjijiya, da wasu ƙananan tsuntsaye masu ciki ruwan ɗorawa suna bin ƙafafun shanun Fulani.

Da hantsi ya dubi ludayi sai na raba gari da jama'a, na bi kanal can gaba inda nake ganin ya fi shiru. Na tsuguna cikin laka, rana na dukana, sauro na cizo. Alhaji kuwa ya zauna a gindin mangwaro yana ciniki da mai gona.

Da na dawo na tarar kowa ya kewaye shi, ana ta kabbara. Ya miƙo min tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi.

"Malam, wannan ce kake nema? Gabana ta sauka ina shan rake. Har da zobe a ƙafarta."

Ita ce. Hoton ya fito tas, har zoben da masu bincike suka sa mata a wata ƙasa. Na ce, "Ma sha Allah," amma muryar da ta fito ba tawa ba ce. Na tambayi inda ta yi, ya nuna arewa da guntun rakensa. Na koma na jira har azahar, sai belbelu.

Gurasa da ƙuli aka saya a hanyar dawowa, na ce na ƙoshi. Shugaban ƙungiya ya sa hoton a zaurenmu na waya, yabo ya yi ta shigowa, wayata na ƙara a aljihu kamar da gayya.

Mun iso gida bayan la'asar. Abin da na koyo shi ne na iya haƙuri da tsuntsu, amma ban iya haƙuri da sa'ar maƙwabci ba. Ina sauke kaya Alhaji ya leƙo ta taga.

"Malam, ara min madubin hangen nesanka Asabar mai zuwa. Ashe abin nan ba wuya."

Na ce masa ya lalace. Da safe dai na kai masa har shago.