Yadda Kirarin Kakanmu Ya Koma Bakura

Shekaranjiya cajar wayata ta ɗau zafi a shago har ta fara warin roba mai shirin narkewa. Maƙwabcina mai sayar da taki ya toshe hanci, ni kuwa na ja warin na cika ƙirji kamar turaren da aka zo da shi tsarabar Makka. Ai warin zauren gidanmu ne na Talatar Mafara, shekarar da ƙanin babana ya kawo mana gem. Kuma duk lokacin da na shaƙe shi, sai wani tsohon haushi ya miƙe zaune a cikina, ya yi miƙa, ya tambaye ni ko an biya mu haƙƙinmu.

Ƙanin baban nan namu direban babbar mota ne, yana kai albasar Bakolori Kurmi. Wata kaka ya dawo da wani ɗan akwati mai hannuwa biyu masu igiya, da kaset guda. Mai sayarwa ya rantse masa da iyayensa cewa ƙwallo ce a ciki. Aka jona da talabijin, aka jawo batirin mota, muka cika zaure har bakin ƙofa. Sai ga waɗansu ƙarti a talabijin da hular kwano, kafaɗu kamar sun cusa masaki a riga, sun yi goho suna fuskantar juna. Ƙwallon kuwa kamar ƙwan jimina da wani ya zauna a kai. Ba mai tsaron gida, ba raga, kuma ɗaukarta ake yi a hammata. Sai da muka yi gemu muka ji wai ƙwallon Amurka ce. A lokacin dai sunanta wasan ƙwai.

Gaskiya ɗaya ce, gem ɗin yana da daɗi. Maɓalli biyu ne kawai, ko akuya aka ɗora wa kofato za ta iya. Kiɗansa in ya shiga kai sai ka kai shi har bakin rijiya kana ja da guga. Ba mu san dokarsa ba, amma mun gano cewa in mutuminka ya kai ƙwan ƙarshen fili, lambarka ta sama tana ƙaruwa, a nuno ƙarti biyu sun yi tsalle sun tafa. Mafi daɗi kuma shi ne gamo. Idan mutum biyu suka sarƙe, wanda ya fi saurin danna maɓalli shi zai yi jifa da ɗan uwansa, ka ga ƙato ya tashi sama ya dawo da baya.

Aibinsa kuma ba ya ɓuya. Dabaru huɗu ne rak za ka zaɓa, kuma a fuskar talabijin ɗaya kuke zaɓa da abokin karawarka, saboda haka duk mai idon sata zai leƙi yatsanka ya turo maka rundunarsa gaba ɗaya. Shi ya sa muke cusa hannu cikin riga kamar masu ƙulla ciniki a kasuwar shanu. 'Yan wasan duk fuska ɗaya, kamar uwa ɗaya ta haife su a yini guda. In suka taru wuri ɗaya sai rabinsu su riƙa ɓacewa suna dawowa, har wata tsohuwa a gidanmu ta ce layar zana gare su. In ka jefa ƙwan, ba ka ganin wanda ka jefa wa, sai dai ka bar wa Allah. Kaset ɗin kuma bai tashi sai an hura masa iska kamar ana farfaɗo da garwashi.

To, akwai taubashina, ɗan goggona da ke aure a Bakura. Sa'ana ne. Da an gama girbi ake kawo shi hutu gidanmu. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka a wasan taubasai ni ne ubangida shi ne bara, kuma ban taɓa bari ya manta ba. Sai dai Allah ya ba shi babban yatsa irin na mutanen da. Ɓarar gyaɗa ta mayar da yatsan taɓarya. In muka yi gamo a gem, kafin in danna sau ɗaya ya danna ɗari, mutumina ya tashi sama har ina jin tsoron kada ya fito ta bayan talabijin ya faɗa tukunyar miya.

Duk wannan da sauƙi, ba don kakanmu ba.

Kakanmu, mahaifin babana da goggo, ɗan kokawa ne a zamaninsa. Daga Morai har Damaga ta ƙasar Maradun, an ce bayansa bai san launin ƙasa ba. Lokacin da muka taso ya daɗe da tuba, daga masallaci sai buzunsa, amma in aka buga ganga a nesa za ka ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi a ɓoye. Yana da kirari, kuma yana da take wanda wani tsohon makaɗi abokinsa daga Morai yake buga masa: Kututturen bakin gulbi, ambaliya ta zo ta tarar da kai, ta wuce ta bar ka. Kowa a dangi ya san ya ce ba zai shiga kabari da kirarin nan ba, zai bar wa ɗaya daga cikin jikokinsa. Ni kuwa tun ina tatata na ɗauke shi nawa. Gidan namu ne, kakan namu ne, ina ruwan ɗan mace da gadon kirari?

Da farko tsohon ya ce gem shirme ne. Wata la'asar yana wucewa sai ya ga taubashina ya yi jifa da mutumina. Ya tsaya. Ya dawo da baya. Ya ce a matsa masa.

"Ashe Nasara ma sun san kokawa," in ji shi. "Wanga kaye na wane ne?"

Aka nuna masa ɗan Bakura. Daga ranar, in an kunna gem, sai ya ja buzunsa ya zauna bayan yaron nan, yana dafa kafaɗarsa, yana ɓare masa gyaɗa yana zuba masa a baki don kada hannunsa ya bar aiki. Ni jikan gida ina gefe, ba mai ba ni ko ɓawo. Wallahi har ramewa na yi, wuyana ya koma kamar mariƙin lema.

Da hutu ya ƙare aka mai da shi Bakura, sai na duƙufa. Rani ya shigo, zaure ya cika da warin albasa da zafin adafta, ni ina nan ina fama da na'ura ni kaɗai. A nan na gano babban aibin gem ɗin, wanda ya fi duk sauran. Akwai wata ƙungiya mai baƙaƙen kaya, a cikinta akwai mutum guda da masu ƙera gem suka manta ba su sa masa birki ba. In ka ba shi ƙwan, ka riƙa karkata shi sama da ƙasa kamar tafiyar maciji, ba mahaluƙin da zai taɓa shi. Abokan gaba sai su jeru a bayansa kamar 'ya'yan agwagwa. Har baya nake komawa da shi, in zagaye filin don nishaɗi, sannan in wuce. Na rufe bakina, ban gaya wa ko inuwata ba.

Kaka ta zagayo, aka kawo taubashina. A makon nan tsohon makaɗin ya zo cin kasuwar Talata, ya biyo gaida abokinsa da 'yar gangarsa a rataye. Bayan sun gama gaisuwar da ta isa a dafa wake, kakanmu ya ce a kunna wasan ƙwai, yau zai raba gardama. Wanda ya yi nasara cikin mu biyu, shi za a buga wa taken.

Mai karatu, ranar na yi wasan da ba a taɓa yi ba tun da aka ƙera talabijin. Na ba mutumina ƙwan, ya tsinke. Ya kai ƙarshen fili, aka tafa. Ya sake, aka tafa. Lambata ta hau har na ji tausayin na'urar. Shi kuwa taubashina, in ƙwan ya zo hannunsa, ba ya ko neman hanya. Kai tsaye yake afka wa mutanena, ya jefar da wannan, ya jefar da wancan, har a taru a danne shi a tsakiyar fili. Aka tashi lambarsa tana nan yadda uwarta ta haife ta.

Na ajiye hannun gem, na gyara wuyan riga, na matsa kusa da makaɗi don kada ya sha wahalar nemana.

Kakanmu ya yi gyaran murya, ya dubi abokinsa. "Kai da ka ga kokawa tun ta Maradun, mi ka gani?"

"Na ga ɗaya shina kaye," in ji makaɗin, "ɗaya shina gudu."

Na ce, "Kaka, a duba lamba! Lambar sama ita ce hukunci!"

"Lamba ta taɓa kada wani?" Ya nuna talabijin da sandarsa. "Mutum ya ɗauki abu ya sa a hammata, gari duka na biye da shi, shina kauce-kauce ba ya ko waiwaye. Nan Mafara mi aka ce ma wanga?"

Yaran zaure suka haɗa baki: "Ɓarawo!"

"To. Kututture ba ya gudu. Buga ma ɗan Bakura."

Aka buga. Taubashina ya miƙe ya ɗaga hannuwa sama, kakanmu yana yi masa kirari da muryar da ban taɓa jin ta fito daga ƙirjinsa ba, goggo da ta rako shi tana guɗa daga cikin gida. Ni ma ban tashi hannu wofi ba. Na samu suna Ɓarawon Ƙwai, ya bi ni har sakandare.

Yau kakanmu ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, makaɗin ma haka. Filayen kokawar da ake cika bayan girbi sun yi shiru, mutane ba su yawon ƙauyuka yadda suka saba, yara kuma gem ɗinsu yana cikin waya, 'yan wasa har gumi suke yi. Na sa an binciko mini dokar ƙwallon Amurka tun daga tushe, ta tabbata ni na ci, ci mai tsabta. Na ɗauki mota takanas har Bakura na karanta wa taubashina a gonar shinkafarsa. Mutumin da tun da yake bai taɓa kada ko ɗan akuya ba, ga tumbi kamar randa, amma duk garin Kututture suke ce masa, a wurin biki in ɗan makaɗin nan ya hango shi sai ya saki taken. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ubangida, ai sai ka ɗaukaka ƙara wurin wanda ya yanke hukuncin."

Da zan tafi ya rako ni bakin mota, ya ce shi ma ba zai shiga kabari da kirarin ba. 'Ya'yansa duk mata ne, don haka yana duba cikin yaran dangi, kuma babban ɗana yana cikin lissafi. Na dawo gida zuciyata fari ƙal, ina cewa gado zai dawo ɗakinsa. Ina shiga na tarar da yaron yana jirana a tsakar gida da kofi a hannu, baki har kunne. Wai shi ya zo na ɗaya a tseren gudu na makarantun Mafara gaba ɗaya.

Na karɓi kofin na tura ƙarƙashin gado, na ja kunnensa na ce in labarin nan ya kai Bakura, ni da shi ne.