Injin Ɗaga Rediyon Baba

Baba ba ya tuƙi sai da karatu. Yana da wata 'yar rediyo mai cin kati, ba ta fi tafin hannu ba, cike da karatun Alƙur'ani. Ita ce abokiyar tafiyarsa daga tashar Malanville zuwa Guéné da ƙauyukan Garou, yana jigilar mata 'yan kasuwa da buhunan albasa. Wurin ajiye ta ne fitina. Ƙasa kusa da giyar mota, ya ce a'a, ba a ajiye maganar Allah daidai da gwiwar mutum. Bisa tablo kuma, wato allon nan na gaban direba, ranar garinmu ba ta da mutunci. Ta taɓa narkar masa da wata, wadda ya saya bayanta kuma wani mai dogon hannu ya yi gaba da ita ranar kasuwa.

Lokacin na dawo daga Parakou inda na koyi gyaran wutar mota, kuma wani mai gareji a Cotonou ya riga ya yi mini alkawarin aiki. Jakata a ɗaure take. Sai rawar kai ta ɗebe ni, na ce zan yi masa abin da zai ɓoye rediyon cikin tablo in an tsaya, ya ɗago ta sama in za a tashi.

"To, ba ka tahiya sai ka gama," in ji shi.

"Haba Baba, wanga ai aikin yini guda na."

Baki shi ke yanka wuya. Na huda tablon inda tsohuwar mashigar iska take, na ciro injin ɗaga gilashi daga ƙofar wata mota da ta mutu a bayan tasha. Ban yi la'akari da ƙarfinsa ba. Ina danna maɓalli a gaban direbobi, rediyo ta yi sama ta kai wa gilashin gaba karo. Tasha ta kwashe da dariya. Baba ko murmushi bai yi ba.

"Kai, haka aka tada mai karatu? Buhun albasa ka ɗauko?"

Ya yi gaskiya. Na koma na samo ƙaramin inji daga tsohon akwatin bidiyo, wanda ke turo faifai waje. Wannan kuma rago ne. Yana ɗagawa a hankali, amma da mun shiga ramukan hanyar Garou sai rediyo ta riƙa nitsewa har ta ɓace. A nan na zauna na yi tunani na gaske. Na sa doguwar kusa mai zare a tsaye, inji yana juya ta, noti yana hawa da rediyon a kansa, don zare ba ya sakin abin da ya riƙe. Wayoyin ƙafar keke biyu suka zama hanyar da take bi kada ta karkace. Maɓallan ƙofar firji na ɗaura sama da ƙasa, su kashe injin in an kai iyaka. Wallahi ranar da ta fara hawa ta tsaya cak, sai da na ji kamar in yi guɗa.

Baba ya karkata kunne. "Tana kuka kamar injin niƙa."

Na yanko robar taya na shimfiɗa, na shafa man giris, kukan ya mutu. Sai ya ce da an kashe mota tana sauka, tana yanke karatu tsakiyar aya, wannan kuwa rashin ladabi ne. Nan ma ban iya musu ba. Na ja mata waya daga batir kai tsaye, ta jira sai mai karatu ya kai aya Baba ya sallame ta da hannunsa. Sai ya ce direba kaɗai take fuskanta, su na baya ba su son lada? Na gyara. Duk gyara kuma sai an gwada a hanya, ina zaune gaba kusa da shi, muna wuce gonakin shinkafa, yana ba ni labarin kowane rami da kowane jandarma.

Mai garejin Cotonou ya kira ya ce in an yi salla ban zo ba zai ba wani. Ran nan ne Baba ya ce launin murfin da na yi wa ramin rediyon bai dace da tablo ba. Launi! Raina ya ɓaci, na shiga gida ina faɗa. Inna tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kai da karatunka ba ka gane ba? Mi ya dame shi da murhi? Yayyenka duk sun tahi. Kai ɗai ka saura mai zama gaba kusa da shi."

Na ji tausayinsa ƙwarai, amma ba zan ɓoye ba, tafiyar ma ina sonta. Na shafa wa murfin fenti, na bi kowace waya na ɗaure tamau, na rufe duk wata kafa da zai iya samun abin faɗa.

Da hantsi muka kai motar bakin kogi inda ake wanki, gadar Gaya tana can gabanmu. Ya danna, rediyo ta hau ba ko ƙara. Ya bari aka kai aya, ya danna ta sauka, murfi ya rufe. Ya sake. Ya bi gefen murfin da ɗan yatsa, ya girgiza tablon, ya leƙa ƙasa. Ina ganinsa yana nema, yana nema, bai samu ba. Ya daɗe yana duban ruwa.

"Ta yi," ya ce. "Allah shi yi ma albarka. Gobe ni ka kai ka tasha."

Yanzu shekaru sun tura. Ina da aikina, ina da iyali, gida kuwa sai salla, wata sallar ma ba na samun zuwa. Kewarsa tana kama ni a tsakiyar aiki, musamman in na buɗe tablon wata mota. Duk ranar Juma'a ina kiransa, in mun gama gaisuwa sai in tambaya ko abin nan ya fara ba shi wahala, in zo in duba.

"Ko kaɗan," yake cewa, har da alfahari. "Aikinka ba shi lalacewa."

Ni kuwa da na sani, da na bar waya ɗaya a kwance.