Furen da ya fito cikin toka

Cikin abubuwan da suka faru a gidanmu na yankin Jazira, akwai ɗaya da ba zai fita daga raina ba, kuma a kan wata 'yar ciyawa mai ƙaya ya faru.

Kakata ta wajen uba a kudancin Mai Wurno ta girma, inda daji ke cike da doguwar ciyawa. Aure ya kawo ta ƙauyenmu kusa da Hasahisa, ba ta sake komawa ba. Da tsufa ya zo, sai yanar ido ta fara rufe mata gani. A lokacin ne ta soma yawan zancen wata shuka da take kira dayi, mai fure shuɗi-shuɗi da ja kamar tuntun hula, wadda ke fitowa a bayan gidan mahaifiyarta. Ta ce tana so ta ƙara ganinta kafin idon ya ƙare.

Mahaifina ya aika wa dangi, aka haƙo saiwoyin aka turo mana cikin buhu. Masu kauri ne kamar rogo, ba su da wani kyan gani.

A wurinmu, kula da shuka ruwa ne. Mutum yana kwana da tunanin ranar da za a buɗe wa hawasharsa ruwa, wato gonar da yake nomawa a tsarin ban-ruwa, kuma hana maƙwabci ruwa ya fi zagi ciwo. Saboda haka mahaifina ya ba dayin wuri mafi daraja, daidai inda ruwan kwata ke shiga gona. Saiwoyin suka yi ganye, suka yi rawaya, suka ruɓe cikin laka ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, safe ake ba ta ruwa ko yamma?" ya tambayi kakata.

"Ni ban taɓa ganin mai ba ta ba."

Ya ɗauka mantuwar tsufa ce. Da ya rage saura ɗaya, sai ya tone ta ya kai kan tudun gefen gona, don kawai wurin ya fi sauƙin dubawa. Can ruwa ba ya hawa. Ta yi ganye a damina, ta bushe da rani, babu fure. Ita kuwa kakata ta kai ba ta gane fuska sai an matso. Idan na shigo takan ce, "Maigidana ne, ko wani ya zo yi masa ƙwace?"

Ƙa'idar noman auduga a Jazira ita ce, bayan an gama tsinka, a tumɓuke karan a ƙone saboda cuta. A shekarar, muna cikin ƙonawa iska ta juya, wuta ta kama busasshiyar ciyawar tudun. Kafin mu isa da rassa mu kashe ta, ta cinye wurin. Mahaifina ya tsaya yana kallon tokar. Da muka kama hanyar gida ya ce kada in gaya wa kakata tukuna. Yanzu da na kai shekarunsa na wancan lokaci, na san nauyin da ya ɗauko: uwarsa abu ɗaya ta roƙa.

Bayan 'yan makonni, ana zafin da ke gaban damina, ya shigo gida da sauri ya ce in ɗaura wa jaki amalanke. Muka ɗauki tsohuwa zuwa gona. A kan tudun, furanni sun ɓullo daga cikin toka, manne da ƙasa, ko ganye ɗaya babu tare da su.

Muka zaunar da ita. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa ƙasa. Da a cikin koren ganye suke, na tabbata ba za ta gan su ba, amma a kan baƙar toka launin ya fito sarai. Ta kai yatsa, ƙayar ta soke ta, ta yi dariya.

"Ita ce. Can ma a baƙar ƙasa nake ganinta, in makiyaya sun ƙone daji."

"Haba Inna, me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Ka tambaye ni? Kai kullum zancenka ruwa."

Kafin wani ranin idonta ya rufe gaba ɗaya. Dayin kuwa yana nan, har mun raba saiwar ga maƙwabta. Abin da muke gaya musu kaɗan ne: a dasa ta a tudu mai sakin ruwa, inda rana ke dukanta, a bar ta da ruwan sama, in ciyawar kanta ta bushe a sa mata wuta, kada a taɓa saiwar.

Mahaifina bai gaza a ƙauna ba. Ya ba shukar abin da ya fi daraja a wurinsa, shi ne kuma ya kusa kashe ta. Tun daga nan, in zan taimaki wani, nakan fara tambayarsa yadda ƙasarsu take.