Mai Ƙara a Cikin Gora

Har yau in kwaɗi suka fara kuka bayan ruwan farko, sai in ajiye abin da ke hannuna. Jikokina su ce, "Hajiya ta tafi." Ai kuwa na tafi, can wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya, inda na tashi a hannun kakana. Mu biyu rak a gida. Uwata ta rasu, ubana kuma ya bi kuɗin fetur zuwa Ikko bai waiwayo ba.

Bayan gidanmu akwai tafki. Kada ka ɗauka wani ƙato ne, amma ko a tsakiyar bazara bai taɓa ƙafewa ba. Da damina bado ya rufe shi, da rani Fulani su shayar, mu yara mu tono kan bado mu ci, baki duk laka. Kakana ke hana wanki a gefen da ake sha, shi ke korar masu kamun tarwaɗa in lokaci bai yi ba. Ba wanda ya naɗa shi.

Shekarun da kuɗi suka yi ambaliya, kowane gida rediyo, aka zo yin titi. Ɗan kwangila ya ce za a yanke bakin tafkin a tsiyaye shi, a cike da marmara, manyan motocinsa su sami wurin tsayawa. An yi wa gari alkawarin famfo, kowa sai murna. Kakana ya bi gida-gida yana roƙo, amsa ɗaya yake samu: "Baba, a yi haƙuri, zamani ne."

Ranar da zai kai ƙara, ya cika gora da ruwan tafkin, ya toshe da totuwar masara. "Amarya, ɗauko mayafinki," in ji shi, da haka yake tsokanata. Babu namiji ko ɗaya da ya raka mu. Ni na rungume gorar a bayan kekensa har gaban alƙali.

Malamin kotu ya tambayi sunan mai ƙara. Kakana ya karɓi gorar ya dangwarar bisa tebur. "Ga shi nan." Wayyo, dariyar da aka yi! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wallahi a lokacin haushinsa na ji.

Alƙalin mutum ne mai haƙuri. Ya tambaya ko tafkin nasa ne, gado ko saye.

"Allah shi gafarta Malam, da nawa ne da na yafe. Haƙƙinshi ne, ba ni da ikon yafewa."

Ɗan kwangila ya miƙe ya ce shi ba ruwansa, kamfani ke aikin, kamfani ke da takarda. Kakana ya waiga ƙofa da gaske. "To a ce mashi ya shigo mana." Aka sake kwashewa da dariya. Alƙali ya bayyana masa cewa a dokar gwamnati kamfani kamar mutum yake, yana mallaka, yana kai ƙara, wakili ke magana da bakinsa.

"Shi wannan mutumin, yana jin ƙishirwa?"

"A'a, Baba."

"Ya taɓa shayar da ko tsuntsu?" Kakana ya dafa gorar. "To shi an ba shi wakili. Wanda ya shayar da kakannin kakanninmu kuma an ce ba kowa ba ne?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Alƙali ya daɗe yana kallon gorar, sannan ya ce, "Baba, na ji ka sarai. Amma littafin nan ba shi da layin da zan rubuta shi."

Kwana uku aka yi ana tsiyaye ruwan. Gari ya fito da kwanduna ana tsintar tarwaɗa cikin laka, ƙamshin suya ko'ina. Kakana bai ci ba, bai kuma hana kowa ba. Ya rataye gorar a ɗakinsa, bai sha ba, bai zubar ba. Damina ta gaba aka yi ruwan farko, muka zauna a ƙofar ɗaki muna jira. Ba kwaɗo ko ɗaya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. Famfon da aka kafa bai daɗe ba ya mutu, kakana ma bai daɗe ba.

Kwanan baya jikana ya karanta mini a waya cewa a wata ƙasa mai nisa doka ta ɗauki kogi a matsayin mutum, har da wakilai masu tsaya masa a kotu. Yana faɗa yana dariya, irin dariyar nan da na sani. Na shiga ɗaki na ciro gorar daga ƙasan akwati, na girgiza ta, ba ko ɗigo. Na zare totuwar, sauran ƙamshin laka ya bugi hancina.

Na ce, "Tsoho, an samo layin." Sai dai mai ƙarar ya riga ya ƙafe.