Ƙwan Zabin Kawu Buba

Ƙwan zabi ɗaya, dafaffe, da ɗan yaji a takarda. A kansa ni da ƙanwata Bilki muke fafatawa duk Sallah a motar Kawu Buba, wan mahaifiyarmu, in za mu komo Gwammaja daga ƙauyenmu na bayan Ɗambatta. Ku da kuka san shi kun san yana da halin sayen tire guda. Amma in Inna ta ce ya sayi biyu, sai ya ce, "In kowa ya samu, wa zai kalli hanya?"

Wasan ƙirga jakuna ne, kowa da tagarsa. Jaki maki ɗaya ne, raƙumi goma. In maƙabarta ta faɗo ɓangarenka, duk abin da ka tara ya koma sifili, a yi wa mamata addu'a. Shanu kuwa ba a ƙirgawa, mu jikokin makiyaya ne.

Wata rana na ga garke, bakina ya suɓuce. "Ashirin da bakwai, ashirin da..."

Ƙiiii! Kawu ya taka birki.

"La ilaha! Ka sa wa dukiyar mutum baki? Sauka ka ba shi haƙuri!"

Na je na durƙusa gaban makiyayin da bai ma san an yi ba. Ya saurare ni, ya dubi shanunsa, ya ce, "To, nawa ka samu?"

Kawu ya leƙo ta taga yana ihu: "Kada ka faɗa!"

Wata shekarar muka tarar da jaki kwance a tsakiyar hanya. Na ce nawa ne, Bilki ta ce nata. Kawu ya kashe mota ya harɗe hannu.

"Yaya, la'asar fa za ta wuce," in ji Inna.

"Hajara, shari'a ake yi. A bar shaida ya tashi da kansa."

Sai da Inna ta gama salla a gefen titi jakin ya miƙe. Ya dube ni sarai, ya nufi ɓangaren Bilki.

Da na kai shekara goma na gano cewa maƙabarta ta ƙarshe, babbar nan ta kusa da gari, kullum a hagu take faɗowa. Na ba Bilki alewar Sallata duka, ta bar mini tagar dama. Ta tara goma sha huɗu, ni uku, ina ta murmushi. Muka wuce maƙabarta, nata ya rushe. Na miƙa hannu.

Kawu ya dube ni ta madubi. Sai ya juya mota.

"Ina kuma za mu?" in ji Inna.

"Addu'ar ɗazu ba ta yi tsawo ba."

Muka sake wucewa, maƙabarta a tagata.

"Sifili da sifili," in ji shi. "Ƙwai ya zama na alƙali." Ya fasa shi a goshinsa, ya ɓare, ya dangwali yaji. "Ɗan dillali! Ka yi wayo a kan rayayyu, kada ka yi a kan mamata."

Bilki kuwa ta ci gaba da tsotsar alewata har ƙofar gida.

Yau taya nake sayarwa a Ƙofar Ruwa, kuma ba a cika cin riba a kaina ba. Amma shekara bakwai muka yi muna wasan nan: Bilki ta ci shida, Kawu ɗaya, ni ko ɓawo ban samu ba.

A maƙabartar nan Kawu yake kwance yanzu. Duk sanda na bi ta wajen, ko a dama ta faɗo ko a hagu, nakan rage gudu, in ajiye duk abin da nake tunani. Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Allah ya sa ka tarar da naka lissafin a cike.