Gwangwani Shida na Gishiri

Shekarar da aka ɗora ni a kan abincin ɗalibai a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Tambuwal, na tarar kicin ɗin yana da mai shi. Wata tsohuwa ce 'yar Kebbe, kowa Inna yake ce mata, ta fi shekara ashirin tana yin miyar makarantar. Ni kuwa na zo da takardar shaidar karatuna, da sabon sikeli, da girman kai. Ranar farko ta dubi sikelin ta ce, "Malama, jarirai za mu riƙa awo?" Masu tuƙin tuwo suka kwashe da dariya. Na yi murmushi, amma na ƙullace ta, don ni ba a yi mini dariya a kwana lafiya.

Ma'auninta gwangwanin madara ne. Shida take zubawa a babbar tukunyar miyar kuka, kuma ba ta ɗanɗanawa, wai ɗanɗano aikin sababbin amare ne. Abin haushin shi ne kullum miyar daidai take fitowa.

Gishirin da ta saba da shi mai manyan tsaba ne. Ana gobe ranar ziyarar iyaye, ɗan kwangila ya kawo wani daban, mai laushi kamar gari. Na shiga sito na auna gwangwani ɗaya na tsohon, na auna ɗaya na sabon. A kan sabon, allurar sikeli ta yi gaba sosai. Mai tsaba yana barin sarari a cikin gwangwani, mai laushi kuwa danƙarewa yake yi. Na yi lissafi na ga huɗu ma sun wadatar. Magana ɗaya ce da zan faɗa mata, amma na rufe sito na yi tafiyata ban faɗa ba.

Washegari ina tsaye a kanta ta zuba shida, har da bismilla.

'Yan mata suka ture kwanuka a gaban iyayensu. Shugabar makaranta ta faɗo kicin tana huci. Kafin ta buɗe baki na ɗebo miyar a kwano na miƙa wa tsohuwar, na ce, "Inna, yau dai a daure a ɗanɗana." Ta kurɓa, fuskarta ta yamutse. Na ce ta shanye, ai abin da ta ba 'ya'yan mutane ke nan. Ta shanye a tsaye, idonta yana ruwa, matan da suka yi mini dariya suna kallon ƙasa.

"Aradu shidda na saka, Malama," ta ce. "Hakanan nika yi kullum."

"Kin tabbata, Inna? Ko kin zuba kin manta, kin sake zubawa?"

Ta dubi hannunta. Sai na ga tana lanƙwasa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta kai ƙarshe ta koma farko. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ja shugaba gefe na ce tsufa ne, yau gishiri, gobe wa ya san abin da za ta zuba. Kafin mako ya zagayo aka sallame ta, aka ɗora ta a kan babur da ƙullin kayanta sai Kebbe. Na rubuta nauyin gishirin kowace tukunya a bango, har aka yaba mini a taron malamai.

Bayan shekara biyu wata malama 'yar garinsu ta ba ni labarinta. Ta ce Inna ta daina karɓar girkin biki da suna. Ko a gida, in ta haɗa miya sai ta aika a kira matar ɗanta ta sa gishiri, in ba ta nan a jira ta. Duk wanda ya tambaya sai ta ce kanta ne ya fara taɓuwa, kuma Allah ya saka wa wata malama da alheri, ita ce ta fara ganewa.

Na ce Allah sarki, na tambayi malamar ko ruwa ya sauka a wajensu.