Ranar da Aka Ja Igiya a Fadamar Babanmu

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta da rabon fadamar babanmu a Taloka ba. Har yau in na tuna sai kaina ya ɗaure.

Lokacin ina aji uku a jami'a a Sakkwato, kaina cike da karatun 'yancin mata. Na haddace cewa mace da namiji daidai suke, addini kuma a bar shi a masallaci, kada ya shiga rabon dukiya. Ga ni da baki, ko gaishe ni ka yi sai na yi maka lacca.

Mu huɗu iyayenmu suka bari: maza biyu, sai yayata da ni. Yayata mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, ba ta da madogara sai kasonta a wannan fadama ta albasa. A wajenmu kuwa an saba maza su riƙe gona, mata a aika musu ɗan buhu bayan an cire amfani, shi ma in an tuna. Sai da ta yi shekara biyu tana bin baffanmu kafin ya yarda ya tara mu a zaure.

Baffa ya yi ta lallaɓa yayyena maza, har babban ya fara saukowa. Nan ne fa na miƙe. Na ce mu ba rabin kason namiji muke so ba, a raba gida huɗu daidai, zamanin danne mata ya wuce. Wayyo, da na sani na kama bakina! Babban yayanmu ya ce, "Baffa, ka ji ko? Da hukuncin Allah taka ja. Mi za mu zauna yi da wagga?" Suka kaɗe riguna suka fice. Hanyar gudu suke nema, ni kuma na buɗe musu.

Yayata ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ke kina da bokonki. Ni albasa nika so in dasa in ciyar da ɗiyana." Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Bayan kwana biyu sai ga jaji daga Wurno, wato tsohuwar da ke jagorantar mata a karatun addini, wadda ta karantar da innarmu. Yayata ce ta aika mata. Ni a lokacin kallon mai koya wa mata haƙuri da sunkuyar da kai nake yi mata. Ta zauna a tabarma da malfarta a kan ɗankwali, ta sa aka kira yayyena, ta karanta musu ayoyin gado tiryan-tiryan. Sannan ta ce, "Kun ce ƙanwarku ta ja da hukuncin Allah da baki. Ku shekara biyu kuna ja da shi da fartanya. To wa ya hi laihi?" Kafin la'asar an ja igiya a fadama, an raba gida shida, maza bibbiyu mata ɗai-ɗai, an kafa turaku. Yayata ta tsuguna a kan nata tana kuka.

Da na raka jaji bakin mota, na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, to don mi rabi?" Ta ce, "Don an ɗora ma namiji ciyar da mace." Na ce ai yayyena ko tiya ɗaya ta gero ba su taɓa kai wa yayata ba. Ta dube ni ta ce, "Na sani, ɗiyata. Shi yas sa niz zo." Ta shiga mota ta bar ni tsaye.

Na dawo gida a ruɗe. Addinin da na ɗora wa laifi shi ya ƙwato wa yayata ƙasa, daidaiton da nake taƙama da shi kuma saura kaɗan ya raba ta da ita. Duk da haka tambayata tana nan a raina, ban gama warware ta ba har gobe.

Abin da na koya shi ne, kafin ka buɗe baki don kare wani, ka tambaye shi abin da zai rasa in maganarka ta ɓaci. Ni ban tambaya ba, kuma ba yarana ne za su kwana da yunwa ba.